Harbi na Biyu na Sabitu Ba-Ribas

Akwai wani direba a Kurfi, can wajen shekarar 1963, sunansa Sabitu. Amma in ka shiga tasha ka ce Sabitu kake nema, sai a tambaye ka wanne. Ka ce Ba-Ribas, to ko mai goron bakin tasha zai nuna maka shi da baki.

Ba a banza sunan ya bi shi ba. A goshin lorinsa an rubuta da jan fenti, manya-manya: BA JA DA BAYA. Shi da bakinsa yake cewa tun ranar da aka ba shi lasin bai taɓa ja wa wani direba baya a kan hanya ba, kuma ba ya shirin farawa.

Tuƙi kam ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Bai taɓa kayar da mota ba, ba ya shan komai, ba ya zubar da fasinja a daji. Zuciya ce kawai. Abu kaɗan za ka ga jijiyar wuyansa ta miƙe.

Ku masu tuƙi a kan kwalta yanzu ba lallai ku gane ba. A lokacin hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma jar ƙasa ce, kuma akwai wata 'yar gada siririya a kan rafi, mota ɗaya take ɗauka, ko shinge babu a gefenta. Direbobi suna da ƙa'idarsu: wanda ya riga hawa shi ke da hanya. Na biyu ya dakata, in kuma ya riga ya matso ya ja baya. Kowa ya san wannan, har Sabitu.

To, Sabitu ɗan maharbi ne. Da mahaifinsa ya rasu ya gaji bindigarsa, irin ta gargajiya wadda ake ɗurawa ta baki. Harbi ɗaya take yi. In ka harba sai ka tsaya ka zuba albarushi, ka cusa tsumma, ka danna da ƙarfe, ka zuba dalma, ka sake cusa tsumma ka sake dannawa. Shi ya sa ake ce mata harba-ka-ruga.

Tsohon ya sha gaya masa, "Sabitu, ka riƙe sunan nan. In ta kama ka harba, to ka harba ka ruga. Aikinta ke nan."

Sabitu ya kan yi dariya ya ce, "Baba, harbin dai na ji. Rugawar ce ba ta cikin jinina."

A bayan kujerar direba yake ajiye ta, kullum a ɗure. Wai saboda zabin daji da 'yan fashi. Matarsa Lauratu ta yi magana har ta gaji. "Malam, don Allah ka bar abin nan a gida. Kai da zuciyar nan taka, ina tsoron ranar da za ku haɗu ku biyu a wuri ɗaya." Ya ce maganar mata ce.

Ranar da abin zai faru tsakiyar damina ce, an kwana biyu ana ruwa. Da hantsi ya taso daga Kurfi da buhunan hatsi, fasinjoji a saman kaya. A gaba kusa da shi akwai Dada, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ƙawar mahaifiyarsa ce. Ciwon gwiwa ya hana ta hawa sama, shi ya sa kullum yake ba ta gaba.

Suna shawo kwanar da ke gaban gadar sai ya hango wata lori ta riga ta hau, har ta wuce rabi. Direban wani mutumin Dabawa ne, Jibo, ƙaton mutum, bai daɗe da fara bin hanyar ba.

Dada ta ce, "Ɗana, dakata ya wuce."

Ina. Sabitu ya taka totur ya hau gadar. Motoci biyu suka tsaya hanci da hanci, ruwa ja wur yana gudu a ƙarƙashinsu yana tafe da rassan itace. Matan da ke saman kaya suka fara salati.

Jibo ya leƙo ta taga. "Malam, ni na riga hawa. Ja baya kaɗan in wuce, taku goma ne."

Sabitu ya ce, "Ka iya karatu? Karanta goshin motata."

"Ban yi boko ba, amma na san ƙa'ida."

"To yau ka koyi sabuwa."

Daga nan fa baki ya buɗe. Abin da Sabitu ya faɗa game da mahaifiyar Jibo ba zan rubuta shi a shafin nan ba, akwai iyayenmu a ciki. Bai tsaya nan ba. Ya sa giya ya bangaji motar Jibo da hancin tasa. Motar ta zame baya, tayarta ɗaya ta rataye a bakin gada, inji ya mutu. Wani buhu ya faɗa ruwa, kafin ka ƙifta ido ya ɓace. Kowa ya ga abin da zai sami mutum in shi ne ya faɗa.

Sabitu ya sauko ƙasa yana ci gaba da zagi. Shi bai san ya riga ya taɓo inda ba a taɓawa ba.

Jibo ya diro da adda a hannu. Idanunsa sun kaɗa, bai ce uffan ba. Wallahi wannan shirun shi ya fi ba Sabitu tsoro. Ya fara ja da ƙafa har bayansa ya bugi ƙofar motarsa. Jibo ya kawo sara, Sabitu ya kare da hannun hagu, adda ta tsarge masa dantse. Jini ya wanke masa riga. Jibo ya sake ɗaga ta, wannan karon saitin wuya.

Sabitu ya miƙa hannu bayan kujera ya fizgo bindiga. Ko saiti bai yi ba, ya ja kunama.

Ƙarar ta cika rafin. Hayaƙi ya turnuƙe. Da ya washe, adda ta faɗa ruwa, Jibo yana riƙe da hannun damansa, yatsu na zubar da jini. Ya dubi hannun, ya dubi Sabitu, sai ya juya. Ya ce, "Ya isa. Zan ja baya."

Jama'a, da a nan labarin ya tsaya, da ban ɗauki lokacinku ba.

Motocin wancan zamani in sun mutu, da wani lanƙwasasshen ƙarfe ake tayar da su. Ka zura shi a hancin mota, ka sunkuya ka yi ta juyawa har inji ya kama. Jibo ya buɗe ƙofarsa ya ɗauko wannan ƙarfen, ya zagayo gaban motarsa ya zura shi, ya sunkuya yana fama da hannun hagu. Bayansa yana wajen Sabitu.

Shi kuwa Sabitu yana nan tsaye a jikin ƙofarsa. Ya dubi jinin da ke ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ya ɗaga kai ya ga fasinjojinsa duk sun zuba masa ido, sun gan shi yana ja da baya, sun ga an matse shi a jikin ƙofa. Shi Ba-Ribas. Sai ya jawo ƙahon albarushi.

Dada ta riƙe masa riga ta taga. "Mi kake yi? Ɗana, bari. Ya tahi."

Ya zuba albarushi.

"Don Allah bari."

Ya cusa tsumma, ya danna.

"Don darajar uwarka da ke kabari, Sabitu, bari."

Ya zuba dalma. Hannun na ciwo, wasu suka zube, ya sunkuya ya tsince su ɗaya-ɗaya. Ya sake cusa tsumma ya danna. Duk wannan lokacin Jibo bai waigo ba, yana ta nishi da ƙarfe.

Sannan Sabitu ya ɗaga bindiga, ya dafa ta a kafaɗa yadda mahaifinsa ya koya masa, ya harba.

Jibo ya kife a gaban motarsa. Dalmar ta shige shi ta bayan cinya. Bai yi ihu ba, wani irin numfashi kawai ya ja.

Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa. A nan zuciyar ta saki Sabitu, ta bar shi tsaye shi kaɗai. Bindigar ta suɓuce daga hannunsa. Jinin da ke malala daga Jibo ya yi yawa, ko yanka bai taɓa ganin ya ba da jini haka ba.

Dada ce ta sauko da gwiwar tata. Ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure cinyar tamau, ta ɗago ta dube shi. "Kai kaɗai ne direba a wurin ga. In ka tsaya kallo zai mutu, kai ma ka bi shi. Ja motarka baya ka juya ta."

Sabitu Ba-Ribas ya hau mota ya sa ribas. Motar ta sauka daga gadar sumul, ya juya ta. Aka kinkimo Jibo aka sa a gaba, kansa a cinyar Dada, suka miƙa asibitin Katsina.

Bai taɓa yin tuƙi irin na ranar ba. Kowane rami ya faɗa sai Jibo ya yi nishi, in kuma nishin ya ɗauke sai gaban Sabitu ya faɗi. Suna wuce Kurfi ya ji Jibo yana maimaita kalmar shahada a hankali. Sabitu ya fara kuka yana tuƙi. "Malam Jibo, don Allah kar ka mutu. Don Allah."

A asibiti aka karɓi Jibo aka shige da shi. Aka ɗinke wa Sabitu hannu. Kafin la'asar 'yan doka suka zo suka tafi da shi, washegari aka maido shi Dutsin-Ma aka kulle a wani ɗaki bayan kotun alƙali.

Ɗan dokan da ke gadinsa bai ɓoye masa komai ba. Ya ce, "Direba, ka yi ta addu'a mutumin nan ya tashi. In ya tashi, shari'arka a nan za ta ƙare. In ya cika, ta fi ƙarfin nan. Katsina za a kai ka, kuma ka san can maganar rai ce."

Sabitu ya kai hannu wuyansa ba tare da ya sani ba.

Kwana takwas ya yi a ɗakin nan. Ku kun san direba da kunne. Duk motar da ta shigo gari daga hanyar Katsina ya san ta da kukan injinta tun kafin ta iso tasha. To kowace ya ji, sai ya miƙe ya manne da 'yar tagar, yana cewa ita ce ta kawo labari. Ya tsaya yana sauraron takun ƙafa. In ba wanda ya zo, ya sulale ƙasa gumi na keto masa. A wuni sai ya yi haka sau shida, sau bakwai. Abinci ma ya daina ci.

Abu ɗaya ya riƙe. Yana ta maimaita wa kansa: shi ya zo da adda, shi ya fara sara, ni kaina na kare. Abokansa na tasha ma haka suke aiko masa. Wai kowa ya ga jinin hannunka, ba alƙalin da zai kama mutum don ya kare ransa.

Rana ta shida Lauratu ta zo daga Kurfi da ƙwaryar fura. Ta rame. Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, kare kansa ya yi.

Ta ce, "Malam, na je wajen Dada. Na roƙe ta in an kira ta ta ce harbi ɗaya ta ji."

"Me ta ce?"

"Ta ce ta goya ka kana jariri, kuma har gobe kai ɗanta ne. Amma saura ƙiris ta shiga kabari, ba za ta shiga da ƙarya ba."

Furar nan haka Lauratu ta koma da ita.

Rana ta tara alƙali, Malam Mahmuda, ya ce a kawo shi. Har lokacin ba labarin Jibo. Alƙali ya ce zai saurari shaidu tun ba su watse ba. Dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya, in yana magana sai kowa ya miƙa wuya. An ajiye bindigar a kan tabarma a gabansa, tare da ƙarfen tayar da motar Jibo.

Sabitu ya zayyana nasa. Ya nuna ɗinkin hannunsa. Ya rufe da cewa, "Allah ya gafarta Malam, kashe ni zai yi. Raina na kare."

Alƙali ya ce, "Na ga hannunka. Shaidu huɗu sun ce adda tana saman wuyanka lokacin da ka yi harbin farko. Kai ka jawo faɗan da bakinka da motarka, wannan za mu zo kansa. Amma ba a ce wa mutum ya tsaya a sare masa wuya. Harbin farko ba ni da magana a kansa. Na biyun nake tambaya."

"Allah ya gafarta Malam, ƙarfe ya ɗauko. Na zaci da shi zai dawo kaina."

Alƙali ya nuna ƙarfen. "Wannan?"

"Shi ne."

"Shekara nawa kana tuƙi?"

"Goma sha ɗaya."

"In mutum ya zura wannan a hancin mota, ya sunkuya, ya ba ka baya, me yake yi?"

Sabitu ya ƙura wa ƙarfen ido.

"Kai ne direba, ni malamin zaure ne. Koya mini."

Sabitu ya ce, "Tayar da mota yake yi."

"Ya tayar ya je ina, alhali kana gabansa?"

"Baya."

Alƙali ya gyaɗa kai. Ya sa aka kawo yashi a ƙoƙo, da tsumma, da 'yan tsakuwoyi. Ya ce, "Wannan yashin shi ne albarushinka. Ɗura bindigar nan yadda ka yi a kan gada, kar ka yi sauri, kar ka yi nawa." Sai ya juya wajen Dada. "Inna, ke kuma in ya fara, ki tashi ki yi tafiyarki. Duk inda kika kai ya gama, ki tsaya."

Dada ta dafa sanda ta miƙe. Sabitu ya ɗauki bindiga.

Ya zuba yashi. Dada ta kai bakin ƙofa.

Ya cusa tsumma ya fara dannawa. Ba ka jin komai a kotun sai ƙarar ƙarfe a cikin bindiga da ƙwas-ƙwas ɗin sandar tsohuwa. A kan gada ya ɗauka abin nan ƙiftawar ido ne. Yanzu da yake yin sa a gaban mutane, sai ya ga ba ya ƙarewa. A cikin kunnensa yana jin muryar Dada: bari, don Allah bari, don darajar uwarka. Ashe duk ya ji su. Ashe har abin da Jibo ya faɗa ya ji.

Ya zuba tsakuwa. Ya sake cusa tsumma. Da ya gama ya ɗago, aka leƙa waje. Dada ta fita harabar kotu, ta ƙetare hanya, tana zaune a gindin dalbejiya tana murza gwiwa.

Wani ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

Alƙali ya ce, "Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta tsira daga gare ka a wannan lokacin. Kai da ƙafa biyu da mota mai rai, ka ce ba ka da hanya. An ce mini daga baya ka ja motar ta sauka daga gada. Tsakanin wannan da ɗurin bindiga, wanne ya fi daɗewa?"

"Ɗurin bindiga, Allah ya gafarta Malam."

"Me ake ce wa bindigar nan?"

Sabitu ya rufe ido. "Harba-ka-ruga."

"Wanda ya raɗa mata suna ya fi ka sanin shari'a. Littattafan da muka karanta a zaure da sabuwar dokar da aka kawo mana, duk bakinsu ɗaya a nan. An ba ka damar ture mutuwa lokacin da take kanka, gwargwadon abin da zai ture ta. Da addar nan ta faɗa ruwa, mutumin ya ba ka baya, damar ta ƙare. Mai tsoro gudu yake yi, Sabitu. Wanda ya tsaya yana tsince dalma ɗaya-ɗaya a ƙasa ba tsoro ne ke riƙe da shi ba."

Sabitu ya durƙushe. Abin da ya riƙe kwana takwas ya zube. Ya gane in Jibo ya mutu, ba abin da ya rage tsakaninsa da igiya, kuma shi da hannunsa ya nuna wa kowa dalili.

A daidai nan kunnensa ya ɗauko kukan mota daga hanyar Katsina. Ya san ta, motar wasiƙa ce. Ya ji ta tsaya. Ba a tasha ba, a bakin kotu. Ya ji an buɗe ƙofa, ya ji takun takalmi yana matsowa. Lauratu da ke can baya cikin mata ta fara innalillahi.

Ɗan doka ya shigo ya russuna ya miƙa takarda. Alƙali ya sa tabarau, ya karanta a ransa har ƙarshe, ya sake komawa farko. Wallahi a wannan ɗan lokacin Sabitu ya tsufa.

Alƙali ya ce, "Jibo yana raye."

Kotu ta ɗauki hamdala. Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"An yanke masa ƙafa daga cinya. Ya farfaɗo ya ba da bayani. Ya ce a rubuta cewa shi ya fara ɗaukar makami, shi ya fara sara, kar a ɗora wa direban Kurfi abin da ba nasa ba. Ya ce a rubuta kuma cewa direban ne ya kai shi asibiti."

Wannan ya fi yi wa Sabitu ciwo fiye da komai. Ya kifa kai a tabarma yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Bayan sati biyu aka yanke hukunci. Saran da Jibo ya yi ba a share shi ba, alƙali ya ce shi ma yana da nasa in ya warke. Sabitu kuwa, aka duba cewa ya ɗauki mutumin zuwa asibiti bai gudu ba, aka yi masa sassauci. Shekara biyar a gidan yari. Aka karɓe bindiga, aka karɓe lasin. Harbin farko ko kwana ɗaya bai jawo masa ba.

Da ya fito, mahaifin Lauratu ya riga ya rasu, Sabitu bai samu jana'izarsa ba, 'yarsa Kulu da ya bari tana rarrafe ba ta san fuskarsa ba. Lorin dama ba tasa ba ce, mai ita ya ba wani direba, an shafe rubutun goshin da koren fenti. Sabitu ya koma noma. Mota ko a fasinja ba ya son zama gaba.

Wata rana ya kai gero kasuwar Dutsin-Ma a kan jaki. A bakin tasha ya hango wani mutum zaune a kan benci yana sayar da igiya da tabarmi, sandar guragu a jingine kusa da shi, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe an soke ta da allura. Nan take ya gane shi. Ya so ya kauce, sai mutumin ya ɗago.

"Ba-Ribas ne?"

Sabitu ya matso ya durƙusa a ƙasa. "Sabitu ne, Malam Jibo. Wancan sunan na bar shi a kan gada."

Jibo ya dube shi. Ya miƙo hannun dama, yatsu uku suka rage. "Ka ga wannan? Na yafe tun muna kan gadar. Ni na ɗauko adda, ni na jawo wa kaina." Sai ya dafa inda ƙafar ta ƙare. "Wannan kuma ina ƙoƙari. Kullum da safe in na tashi zan taka ƙasa sai in manta ba ta nan, in faɗi. Sai in sake yafewa daga farko."



Jibo ya ce, "Abu ɗaya nake so in sani, shekara shida yana cina. Da na ce maka zan ja baya, ka ji ni?"

Zai iya cewa ƙarar bindiga ta toshe masa kunne. Ba mai ƙaryata shi.

Ya ce, "Na ji ka."

Jibo ya gyaɗa kai a hankali. Ya jawo sandarsa ya matsar da ita gefe, ya buɗe masa wuri a kan bencin. "To zauna. Taku goma ne fa kawai na roƙe ka."

Darasi: Kare kai haƙƙi ne, amma yana da iyaka, kuma iyakar ita ce inda haɗarin ya tsaya. Da zarar makami ya faɗi ko mutum ya juya baya, duk abin da ka ƙara ramuwa ce, kuma za ka amsa ta a gaban shari'a da gaban Allah. Kar ka zama kai ne mai kunna faɗan hanya, kar ka ajiye makami kusa da zuciyar da ka san ba ka iya riƙe ta, kuma in ja da baya zai kashe magana, ja. Ku tura wa direbobin da kuka sani da duk mai saurin hawa a kan hanya, wataƙila ya tuna da Sabitu ranar da aka tare masa gaba.